Buɗaɗɗiyar wasiƙa kan dalmar da ke kwance a filin koyon harbi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga mai girma Gwamnan jahar Damagaram, da shugabannin tsaro masu kula da filayen koyon harbi, da ma'aikatan lafiya da na kare muhalli na jaharmu. Muna kuma roƙon mai martaba Sarkin Damagaram, Allah ya ja zamaninsa, ya saurari wannan kuka, tunda ƙasar da talakawan da ake magana a kansu duk a ƙarƙashin inuwarsa suke.

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Allah ya yi muku jagora a kan nauyin da ya ɗora muku. Ni tsohon malamin lakwal ne, na ajiye alli na koma gona. Na rubuto ne da yawun iyayen yara, da manoma, da makiyaya, da mata masu shiga daji neman itace, na ƙauyukan da ke kewaye da wani filin koyon harbi a bayan gari. Mun zauna bayan sallar Juma'a, kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa, aka ce tunda ni na riƙe alƙalami, in haɗa maganar in kawo gabanku.

Tun farko mu kawar da zato. Ba mu da faɗa da masu kaki. 'Ya'yanmu ne, wasunsu ni na koya musu baƙi da hannuna, kuma mun san halin da ƙasa take ciki daga Diffa har Tillaberi. Sojan da bai iya saita bindiga ba, uwarsa ce take kuka. Damagaram kuma ba baƙuwar bindiga ba ce, tun zamanin Sarki Tanimun ake ƙera igwa ana haɗa albarushi a garin nan. Ba mu ce a daina koyon harbi ba, ba mu kuma nemi sirrin kowa ba. Maganarmu a kan abin da harsashi yake bari a cikin ƙasa ce, bayan ƙara ta lafa an hau motoci an tafi.

Abin da ya tashe mu tsaye shi ne ganin masu awo sun fara kafa duwatsun iyaka a gefen tsohon ɓangaren filin, inda aka daɗe ana harbi kafin a matsa gaba. An ce za a yanka filaye a sayar wa masu son gini, tunda gari yana ta faɗaɗa. Sau biyu muna kai kukanmu wani ofishi, aka karɓi takarda aka ce za a duba, har yau shiru.

Ranku ya daɗe, galibin harsashi dalma ce a cikinsa, aka lulluɓe ta da wani ƙarfe. Harsashin ƙaramar bindiga mai milimita 9 nauyinsa kamar giram 8 ne, mafi yawansa dalma. A yi lissafi irin na 'yan lakwal: in mutum 100 suka harba 30 kowanne, harsashi 3,000 ke nan, dalmar da ta shiga tudun yashi a wuni ɗaya ta kusa kilo 20. A ninka wannan da shekaru. Dalma ba ta ruɓewa kamar taki, ba ta ƙonewa ta ɓace. In harsashi ya daki dutse, kuma kun san ƙasarmu ta duwatsu ce, sai ya farfashe ya zama ɓarɓashi. Rana da ruwan sama su ci bayansa, ya yi wani fari-fari kamar toka, wannan farin kuwa shi ne yake bin ƙura yana narkewa cikin ruwa. Har a bakin bindiga ma hayaƙin da ke fita yana ɗauke da ita, don haka masu harbin da masu koya musu su ne farkon masu shaƙa. Wannan wasiƙa ta shafi lafiyarsu su ma.

Babban abin da ke hana mu barci shi ne yara. Filin ba shi da shinge. Da zarar an watse, yara sukan ruga su tona tudun da hannu, suna tsintar kwanson harsashi da kan harsashin kansa. A cikin hunturun bara na tarar da jikana da abokansa uku a bayan rumbu, sun hura gawayi, sun ɗora gwangwanin tumatir cike da harsasai, sun sunkuya a kai suna kallon yadda abin yake narkewa yana walƙiya kamar azurfa. Dalma tana narkewa a zafin digiri 327, wutar gawayi ta ishe ta. Na tambaye su me za su yi da ita. Suka ce 'yan gwangwan suna saye, ragowar kuma su yi duwatsun danƙo. Ƙaramin cikinsu yana riƙe da ƙuli-ƙuli a hannun da ya yi baƙi ƙirin da tono. Na kashe wutar, na sa suka wanke hannu da sabulu, na bi gida gida na yi wa iyayensu magana. Amma yaron da ya san akwai kuɗi a cikin yashi, faɗan kaka ba zai tsare shi ba, balle a shekarar da hatsi ya yi tsada.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗi ƙarara cewa babu wani ma'auni na dalma a jikin mutum da za a ce ba ya cutarwa. Ta ce in yaro da babba suka haɗiyi dalma daidai wa daida, jikin yaron yana tsotse ninki 4 zuwa 5 na abin da babban zai tsotsa, kuma yaron da ke fama da ƙarancin abinci ko ƙarancin jini ya fi kowa tsotsa. Ku duba yaran ƙauyukanmu a lokacin bazara, ku gaya mana su wa aka siffanta. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa, tana rage fahimta, tana sa yaro ya kasa natsuwa, tana kawo ciwon ciki da ƙarancin jini. In ta yi yawa sai farfaɗiya, sai suma, sai mutuwa. Abin da ta ɓata a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa. Tana kuma ɓuya a ƙashi da haƙora shekara da shekaru, yarinyar da ta kwashe ta yau, ranar da ta samu ciki sai ta fito daga ƙashi ta shiga jinin ɗan da ke cikinta.

Mugun halin wannan guba shi ne kama da take yi da cututtukan da muka saba. Yaro ya yi taune-taune, mu ce masassarar cizon sauro ce, ko sanƙarau, ko iska. A kai shi likita a ba shi maganin zazzaɓi, ko a kai shi wajen malam. Ni da na yi shekaru a aji, na sha rubuta wa yaro "ba ya maida hankali" a takardar sakamako, na sha ganin an dake shi a gida saboda haka. Yanzu in na tuna yaran ƙauyen da ya fi kusa da filin, zuciyata ba ta kwanciya. Babu wanda ya taɓa ɗibar jinin yaro ɗaya a cikinsu ya auna, wannan rashin awon shi ne kukan da muke kawowa.

Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A 2010 a Zamfara, ƙetaren iyaka kaɗan, yara aƙalla 400 suka mutu da gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Yargalma. Can daga dutsen zinariya ne da ake niƙawa a tsakar gida. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura da yawan ƙananan kaburbura sannan aka gano. Garin Bagega bai samu shara ba sai 2013. A 2015 abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jahar Neja, yara 28 suka tafi. A Senegal, a unguwar Thiaroye ta gefen Dakar, yara 18 suka mutu tsakanin 2007 da 2008, saboda ana fasa tsofaffin baturan mota ana tankaɗe ƙasa don fitar da dalma a sayar. Wannan na Dakar shi ya fi ba ni tsoro, domin abin da suka yi shi ne abin da na tarar da jikana yana yi: tono, tankaɗe, narkarwa, sayarwa. Ba mu ce namu ya kai nasu ba. Amma su ma ba su san ya kai ba sai da aka fara haƙa kaburbura. Abin da aka koya a Zamfara kuma shi ne, ba a ba yaro maganin fitar da dalma a maida shi cikin ƙasar da ta ba shi ciwon, sai an fara kwashe ƙasar.

Sai dabbobi. Filin yana kan hanyar kiwo, da damina kuma ciyawarsa ta fi ta ko'ina kyau tunda ba a nomansa. Shanu sun fi sauran dabbobi saurin kamuwa, saboda halinsu na lasar duk abin da suka gani. Saniyar da dalma ta kama takan makance, ta riƙa cizon haƙora tana dalalar da miyau, tana tura kai jikin bango. Wani makiyayi a zamanmu ya ce ya rasa maraƙa biyu da irin waɗannan alamu, ya yi zaton maciji ne ko wata ciyawa. Kaji da zabi kuwa tsakuwa suke haɗiya don ƙundu ya niƙa musu abinci, ba sa bambanta tsakuwa da ɓarɓashin harsashi. Nonon nan da ƙwan nan da naman nan ba a ƙauye suke tsayawa ba, kasuwar Dole suke shiga, su ƙare a tukwanen Birni da Zango da Sabon Gari.

Maganar ruwa ba sai an yi wa ɗan Damagaram dogon bayani ba. Garin da aka jawo masa ruwa daga Gogo da Machaya, daga Arunguza, har daga Ganaram, garin da mata da 'yan ga-ruwa suke kwana a bakin famfo, ya san darajar kowane tafki. Mu a ƙauye da tafki da rijiya muka dogara. Ruwan sama na farko yana wanke tudun harbin ya gangara kwari, ya taru inda dabbobi ke sha, inda yara ke wanka, inda ake ɗibar laka a yi tubali. Da rani kuma iskar hunturu ta kwashi ƙurar ta zuba mana a randa da kan hatsin da aka shanya. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayar cuta, amma ba ya fitar da dalma.

Yanzu mu zo kan tambayar da ta sa muka rubuto: alhakin wa ne?

In aka yanka filayen nan aka sayar, mai saye zai karɓi takarda da hatimi, ya tara kuɗin guminsa ya yi gini, ya haƙa rijiya, matarsa ta shuka yakuwa da kuɓewa a tsakar gida, jaririnsa ya yi rarrafe yana cusa ƙasa a baki. Ranar da abin ya bayyana, wa zai kama? Masu awo za su ce su awo kawai suka yi. Wanda ya sayar zai ce shi fili ya sayar. Masu harbi za su ce sun daɗe da tashi daga nan. Sai nauyin ya faɗo kan wanda bai harba ko harsashi ɗaya ba, shi ne kuma mafi talauci a cikinsu. Wannan zalunci ne, ko da babu wanda ya yi niyyarsa. Kowa ya ci ladan kuturu, shi zai yi masa aski. Wanda ya ci moriyar filin shekara da shekaru, shi ya kamata ya share shi kafin ya miƙa wa wani.

Ba mu muka ƙago wannan ba, dokar ƙasarmu ce. Doka mai lamba 98-56 ta 29 ga Disamba 1998, wadda ta tsara kula da muhalli a Nijar, ta kafa ƙa'idar cewa wanda ya gurɓata shi ke biya, ta kuma kafa ƙa'idar yin rigakafi tun ɓarna ba ta auku ba. Doka mai lamba 2018-28 ta 14 ga Mayu 2018 ta tsara yadda ake auna illar ayyuka a kan muhalli, akwai ma ofishin ƙasa da aka ɗora wa wannan aiki. Muna da kwamitocin kula da filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa. Kayan aiki suna nan a rubuce. Abin da muke so shi ne su fito daga takarda su taka ƙasar nan da ƙafa.

Kada kuma a ce mana ba a taɓa tambayar masu bindiga irin wannan ba. A Amurka, a 1997, hukumar kare muhalli ta ƙasar ta sa aka dakatar da harbi da harsashin dalma a wani sansanin soja da ke Cape Cod, don kare ruwan ƙarƙashin ƙasa da jama'ar yankin suke sha. A 2001 ta fitar da littafin jagora na musamman kan yadda ake kula da dalma a filayen harbi na waje. Tun 1991 ƙasar ta hana farautar tsuntsayen ruwa da dalma, Tarayyar Turai ma ta hana harbi da ita a fadamu tun Fabrairun 2023. Mu ma a Afirka kudu da Sahara mun raba fetur da dalma tun farkon 2006, lokacin da ake ganin abin ba zai yiwu ba. Na kawo waɗannan ne don a ga cewa tsaron ƙasa da lafiyar yara ba kishiyoyi ba ne, ba don mu kwaikwayi kowa ba.

Ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe.

A dakatar da yanka filaye da sayar da su a tsohon ɓangaren filin, yau ba gobe ba, har sai an auna ƙasar. Wannan ba ya cin ko dala, umarni kawai yake bukata. Awon ma ba abin tsoro ba ne. Akwai na'urar hannu da ake ɗora wa ƙasa ta faɗi yawan dalmar nan take, da ita aka yi aiki a Zamfara. A auna tudun harbin, da kwarin da ruwa ke bi, da tafkin, da rijiyoyinmu, da tsakar gidajen da yara suka riƙa narkar da harsashi. Muna da jami'a a garin nan, Jami'ar André Salifou, malamanta da ɗalibanta za su iya shiga aikin. Sakamakon kuma a karanta mana shi da Hausa a gaban masu gari, a faɗe shi a rediyo, kada ya kwana a aljihun tebur.

A auna jinin yara 'yan ƙasa da shekara 5 da mata masu ciki na ƙauyukan da ke kewaye, kyauta. Ɗigon jini daga yatsa ya isa gwajin farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in aka samu microgiram 5 a kowane desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita) na jini, wajibi ne a nemo inda dalmar take fitowa a toshe. Wanda nasa ya yi yawa a yi masa magani, kuɗin kuma kada a ɗora wa iyayensa. A sanar da ma'aikatan ƙananan likitocinmu alamun wannan guba, don yaro mai taune-taune wanda gwajin masassara bai nuna komai ba a tuna da dalma. Masu koyar da harbi su ma a duba jininsu, su ne kullum cikin hayaƙin.

A kewaye filin da shinge, a kafa alluna da Hausa da ajami da hoto, a sa mai gadi bayan an watse. Wannan zai kare yara daga dalma, ya kuma kare su daga abin fashewa da bai tashi ba wanda zai iya tashi a hannunsu. A kira 'yan gwangwan da maƙera a gaya musu su daina sayen harsashi daga hannun yara. Mu a namu ɓangaren mun ɗauki alkawarin limamai za su yi huɗuba a kai, malaman lakwal da na allo za su faɗa wa yara, mata za su hana narkar da komai a kan murhun girki.

A ɓangaren da ake harbi yanzu, a gyara tudun yadda zai riƙe harsashi wuri ɗaya, a yi masa rumfa ko a karkatar da ruwan sama kada ya gangaro mana. Lokaci lokaci a tankaɗe yashin a kwashe dalmar, manya masu abin rufe hanci da safar hannu su yi aikin, bayan an jiƙa ƙasar don kada ƙura ta tashi. Dalmar da aka kwashe kuɗi ce, ana sake narkar da ita a masana'anta, za ta rage tsadar aikin. Inda awo ya nuna ƙasa ta gurɓace, a kankare ta sama a binne a ramin da aka tanada nesa da ruwa, a zuba sabuwa.

Abu na ƙarshe shi ne wanda muka fi nacewa a kai, don in babu shi sauran duk za su bi iska. A rubuta a takarda, da sa hannu, wane ne ke da alhakin wannan fili da abin da ke cikinsa, yau da kuma bayan an tashi daga kansa. A ware masa kuɗin shara a cikin kasafin da ake sayen harsashi da shi. Wanda awo ya tabbatar ya yi asarar dabba, ko gona, ko rijiya, ko lafiyar ɗansa, a san ƙofar da zai buga a biya shi. Kuma a lissafa duk filayen harbi na jahar nan, tsofaffi da sababbi, a sa su cikin taswirar masu awo, don kada gobe a wayi gari an gina lakwal a kan ɗayansu.

Muna roƙon a turo mana wakili kafin ruwan farko ya sauka, domin da ya sauka tudun zai sake wankewa cikin tafki. Duk ranar da kuka sa, masu gari da iyaye za su tarbe ku, mu kai ku har bakin tudun. Gwangwanin da na karɓe daga hannun yaran yana nan na ajiye a ɗaure cikin leda, in masu awo sun zo da shi za su fara.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare mana sojojinmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Tsohon malamin lakwal, a madadin iyaye da manoma da makiyaya na ƙauyukan da ke kewaye da filin, Damagaram.